Yatsu Tara a Kan Fiyano

Asabar ɗin da ta wuce da kuka zo cin tuwo, ina kicin ina tuƙi na jiyo Nafisa, mai karatun haɗa magunguna, tana gaya wa sauran ɗalibai cewa da ta sani da ba ta wahalar da kanta da lissafi ba. "Ku dubi Anti Hajara," in ji ta. "Ta zauna a kujera mai laushi cikin sanyin esi, ta danna farare ta danna baƙaƙe, a tafa mata, a ba ta furanni, ta taho gida." Kuka kwashe da dariya, ni ma na yi. Ban ji haushi ba, abin da idonta ya gani ke nan. Amma tunda kun kusa gama karatu ku watse, gara in ba ku labarin sana'ar yadda take, kada ku koma gida ku ce kun ga wata mata a Guangzhou tana cin abinci a banza.

Ni 'yar barikin soja ce a Kaduna. Babana, Saje Garba, ɗan badujala ne, shi yake busa babban ƙahon tagullan nan da ake rungumewa. A wurinsa na fara sanin cewa ana rubuta kiɗa kamar yadda ake rubuta magana: layi biyar a jere, ɗigo-ɗigo a kansu, kowane ɗigo da muryarsa da tsawon numfashinsa. A ɗakin shaƙatawar hafsoshi akwai wani tsohon fiyano da Turawa suka bari, ɓeraye sun cinye masa ciki, maɓallai da yawa sun mutu. Duk ranar da 'yan badujala suke gwaji a can, ni nake kai wa Baba abinci, in raɓe in yi ta taɓa masu ran. Da na shiga sakandaren 'yan mata sai na haɗu da wata malamar lissafi 'yar ƙasar Filifin, ta iya fiyano, ta riƙa zama da ni bayan an tashi. Ita ta yi ta faɗi-tashi har na samu gurbin karatu a nan. Innata ta ce ita ba ta taɓa jin an tsallaka teku don koyon kiɗa ba. Baba ya ce, "Karatu ne. A bar ta ta je."

Na iso garin nan ina ganin na iya. Ranar farko aka kai ni ɗakin malamar da za ta riƙe ni, Laoshi Liang. Laoshi a bakinsu malami ke nan. Gajeriyar mace ce mai furfura, yatsunta a karkace, gaɓoɓinsu sun kumbura, kuma ba ta taɓa fiyano a gaban ɗalibi sai dai ta danna murya ɗaya ko biyu don misali. Na zauna na zuba mata kiɗan da na fi taƙama da shi. Ban kai rabi ba ta ɗaga hannu. Ta kama tafin hannuna ta juya shi sama da ƙasa kamar mai duba kifi a kasuwa, ta yi magana, tafinta ya ce da ni, "Ta ce kunnenki mai kyau ne. Amma kina dukan fiyano kamar ya yi miki laifi." A daidai lokacin ina jin wani a ɗakin da ke maƙwabtaka yana kaɗa abin da na kaɗa, ya fi ni sauri, ya fi ni tsabta. Da na fito na leƙa, sai na ga yarinya ce da ƙafarta ba ta kai ƙasa ba. Ni kuwa na haura shekara ashirin.

Sanyin shekarar farko duk a kan yatsa ɗaya na ƙare shi. A ɗaga yatsa, a sake shi ya faɗa kan maɓalli da nauyin da ya taso tun daga kafaɗa, ba da ƙarfin yatsan ba, a saurari muryar har ta mutu, sannan a sake. Laoshi tana tsaye a bayana ta ɗora hannu a wuyana. Da ta ji jijiya ta ɗaure sai ta ce a koma farko. Akwai wani ɗan agogo da ake ajiyewa a kan fiyano, ba ya nuna lokaci, ƙwas-ƙwas kawai yake yi don kada ka yi gaggawa ko ka yi nawa. Na tsane shi, har yau kuma ina da shi. Na cire awarwaron da Inna ta ba ni, na cire zobe. Farce kuwa tun daga lokacin ban sake barin sa ya leƙo ba, don in ya taɓa maɓalli ana jin ƙarar har kujerar ƙarshe.

Sai hadda. Mai kaɗa fiyano shi kaɗai a dandamali ba ya ajiye takarda a gabansa. Kiɗa ɗaya yakan kai rabin sa'a, hannun dama yana faɗin nasa, na hagu yana faɗin nasa, ƙafa tana kan feda tana riƙe murya ko tana sakinta, kuma duk a ka. Waɗanda suka yi hadda a cikinku sun san yadda baki yake gudu shi kaɗai, sai ranar da aka tsayar da kai a tsakiya ka rasa inda za ka kama. Haka hannu yake. Don haka Laoshi takan rufe fiyano ta ce in faɗa mata muryoyin hannun hagu da baki, daga tsakiyar shafi, ba daga farko ba. In na kasa, ta ce, "Hannunki ne ya sani, ke ba ki sani ba. Ranar da tsoro ya kama hannun, wa zai taimake shi?"

Wani aiki da na yi a wani gari kusa da Nansha shi zai nuna muku halin kayan aikinmu. Mai goge yana rataye gogensa ya tafi, mai kalangu ya saɓa nasa. Mu kuwa duk inda muka je baƙon fiyano muke tararwa, kuma a cikinsa akwai katako da ulu da wayoyi masu yawan gaske, kowane maɓalli da 'yar gudumarsa mai kan ulu da take bugun waya. Katako da ulu ba sa shiri da laima. Kun san lokacin nan bayan sabuwar shekararsu, da bango yake zufa, madubi ya yi hazo, wanki ya ƙi bushewa. A irin wannan lokacin wani mai masana'anta ya gina wa garinsu zauren taro a bakin ruwa, ya gayyace ni buɗewa. Na je da hantsi don in gwada, sai na tarar wani farin maɓalli a tsakiya in an danna shi ba ya tasowa. Ya sha laima ya kumbura. Mai saita fiyano da muke yawo tare, wani dattijo da ake kira Wu, ya zare gaban fiyanon, ya matse, ya goge, har ya aro na'urar busar da gashi a shagon kitso ya hura masa iska mai zafi. Maɓallin ya saki. Jama'a suka cika zauren, numfashinsu ya ƙara laima, ina cikin kiɗa na biyu ya sake maƙalewa. Kuma muryar nan ita ce gindin kiɗan, ana komawa kanta kamar ƙofar gida. Haka na ƙarasa: in danna shi, kafin a sake bukatarsa in sa gefen babban yatsa in ɗago shi daga ƙasa, fuskata kuma kamar ba abin da ya faru. Da aka tashi, gefen yatsan ya saɓule. Mai masana'anta ya ce bai taɓa jin fiyano mai daɗin wannan ba, shi ya zaɓo shi da kansa.

Masu ba mu aiki iri-iri ne. A farkon fitowata na san sarai ba kunne ne yake kawo rabin mutanen ba, ido ne. Suna so su ga baƙar mace da ɗankwali a gaban fiyano. An taɓa buga takardar tallata da hoton raƙumin dawa a bayana, ni da ban taɓa ganin raƙumin dawa ba sai a gidan namun dajin garin nan. Wani laoban, wato maigida, ya tambaye ni ko na zo da ganga in ɗan buga a ƙarshe. Na ce masa, "Meiyou," babu. Ban yi fushi da su ba. In ido ya kawo mutum, aikina ne in sa kunnensa ya dawo da shi karo na biyu, kuma da yawa sun dawo. Na yi kiɗa a harabar otal inda ba mai saurare sai masu jan akwati. Na raka mawaƙa masu tsallake layi, in bi su a guje in tare su ba tare da kowa ya gane ba. Na koyar da 'ya'yan masu kuɗin unguwar Tianhe, uwa tana zaune a gefe tana tambaya yaushe zai ci jarrabawa, yaron kuwa barci yake ji. Sannan a hankali na samu abin da na zo nema: manyan zaure a garuruwan lardin nan, ni a gaba, ƙungiyar makaɗa a bayana, jagoransu da 'yar sandarsa yana jiran in ɗaga kai. Ban zama shahararriyar duniya ba, wanda ya fara a makare irina ba ya kaiwa can. Amma ina da wakili mai nemo mini aiki, ina koyarwa a wata makarantar kiɗa, ana kuma kirana da sunana ba da launina ba.

Shekarar wahala ta zo mini ta yatsan zobe na hannun dama. Ba ciwo, ba kumburi. In riƙe cokali lafiya, in ɗaura ɗankwali lafiya. Amma da na hau fiyano na shiga wuri mai sauri, sai ya naɗe ya shige tafin hannu kamar an ja shi da zare. Na ɗauka gajiya ce, na ƙara yawan gwaji, ashe ƙara masa nake yi. Ranar da ya tona mini asiri muna wani gari ne tare da ƙungiyar makaɗa. Akwai wurin da kowa yake yin shiru a bar ni ni kaɗai in gangaro daga siraran muryoyi zuwa masu kauri a guje. Na taho, yatsan ya naɗe, gangaren ya watse kamar an zubar da tsakuwa a kan kwano. Jagoran ya juyo ya dube ni. Na kama da hannun hagu na lallaɓa muka kai ƙarshe. Aka tafa, irin tafin da ake yi wa wanda ya faɗi ya tashi.

Na zaga asibitoci. An soka mini allurai tun daga wuya har farce, na sha jiƙe-jiƙe masu ɗacin da ban san akwai irinsa ba. A ƙarshe wani likitan jijiya ya ce da ni yatsan lafiyarsa ƙalau, matsalar a ƙwaƙwalwa take: maimaita abu ɗaya shekara da shekaru ya sa saƙon wannan yatsa ya cakuɗe da na maƙwabcinsa. Na ce magani fa? Ya ce wasu suna samun sauƙi, wasu ba sa samu. Wakilina ya yi mini jaje da kyau, daga nan wayarsa ta daina shigowa. Ban ga laifinsa ba, matasa masu yatsu goma suna nan a layi. Makarantar da nake koyarwa ta ce za ta jira ni zuwa ƙarshen shekarar karatu, in ban iya nuna wa manyan ɗalibai abin da nake koya musu ba, sai a nemi wani. Takardar zamana a ƙasar nan kuwa a kan wannan aikin take rataye. In ya tafi, sai in tattara in koma gida, inda ban san wa zai nemi mai fiyano mai yatsu tara ba.

A kasuwar tufafi ta Baima na samu abin rufin asiri. Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari, Alhaji Ɗanlami, tafintansa ya gama karatu ya tafi, aka haɗa mu. Muka riƙa hawa bene muna sauka, abaya, jallabiya, kayan yara, ni ce bakinsa ni ce kunnensa. In laoban ya ce wannan yadin ba ya zuba, Alhaji ya lasa yatsa ya murza ya nuna masa launin a fatarsa, ni kuma in fassara abin da ya dace a fassara. Mutumin kirki ne, amma sana'ata ta ɗaure masa kai.

"Hajiya, wai da gaske mutane suke biya su zauna shiru? Ba rawa, ba waƙa, ba liƙi?"

"Da gaske, Alhaji. Ko tari mutum ya yi sai an harare shi."

"Ikon Allah."

Wata rana muna jiran a ɗaure kaya, ina zaune a kan dila, sai ya ce, "Ni dai ban san kan abin nan naki ba. Amma tun da muka fara aiki, duk inda kika zauna yatsunki suna tafiya a kan buhu. Wadda ta koya miki tana raye?" Na ce tana raye, ta tsufa, ta daɗe da yin ritaya, ban so in kai mata damuwa ba. Ya ce, "In kaya suka lalace a hannuna, wurin wanda ya koya mini kasuwa nake fara zuwa. Gobe ba na bukatarki da safe. Ki je."

Laoshi Liang tana zaune a wani tsohon bene a cikin tsohuwar unguwa, ɗaki ƙarami, fiyano ɗan tsaye ya cinye rabinsa. Ta sa na kaɗa. Ta ga yatsan ya naɗe, ta sa na sake, ta sunkuyo har numfashinta yana taɓa hannuna.

"Nawa suka rage?" ta ce.

"Tara, Laoshi."

"Tara masu lafiya." Ta ɗora nata hannuwan a kan gwiwa ta dube su. A duk shekarun da na yi a gabanta ban taɓa tambayar abin da ya same su ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Ranar ta faɗa, a taƙaice. Tana budurwa ita ce ta ɗaya a ajinsu, har an sa ranar da za ta fara fitowa gaban jama'a. Kafin ranar ta zo zamani ya juya, aka rufe makarantun kiɗa, aka tura su ƙauye. Ta yi shekaru tana dashen shinkafa cikin ruwan sanyi, tana ɗaukar duwatsun gina madatsar ruwa. Da aka ce su dawo, hannuwan sun zama yadda na san su. Ba ta taɓa hawa dandamali ba ko sau ɗaya.

"Ba don ki ji tausayina na gaya miki ba," ta ce. "Miƙo fensir."

Aikin da muka yi ke nan har damina ta wuce. A takardar kiɗa kowace murya akwai yatsan da aka saba ba ta. Muka bi shafi-shafi, duk muryar da take hannun yatsan zobe muka ƙwace muka ba maƙwabcinsa, ko mu sa hannun hagu ya tsallako ya ɗauke ta ya koma. Idonta ya yi rauni, da gilashin ƙara girma take dubawa, ta rubuta lamba, in gwada, ta goge, ta sake. Abin da hannu ya yi shekara ashirin yana yi ta hanya ɗaya, yanzu sai ya manta ya koyi wata, a hankali kamar mai koyon tafiya. Wasu kaɗe-kaɗen suka karɓi gyara. Wasu suka ƙi, kuma su ne masu tsawa da gudu da aka san ni da su. Irin waɗannan Laoshi takan rufe takardar ta ajiye a gefe ta ce, "Wannan kin yi shi a lokacinsa." Da safe ina wurinta, da rana ina Baima. Yatsan bai warke ba, har yanzu da nake muku magana bai warke ba. Na dai koyi barin sa ya kwanta a gefe ba tare da ya ja sauran ba.

Ƙarshen shekara shugaban makaranta ya zauna ya saurare ni, ya ce in ci gaba da aikina. Bayan nan na kama wani ƙaramin zaure da kaina, ranar Lahadi da rana, don in san ko zan iya tsayawa gaban jama'a kuma. Na zaɓi kaɗe-kaɗe masu tafiya a hankali, waɗanda ba su da wurin ɓuya, kowace murya tsirara take. Alhaji Ɗanlami ya ce zai zo ya ga abin da idonsa. Bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da 'yan kasuwa layi biyu, Kanawa da mutanen Damagaram da wasu 'yan Kumasi, manyan riguna da huluna a tsakiyar Sinawa. Na riga na roƙe su su kashe waya, kuma in na ɗan tsaya a tsakiya kada su tafa, ba a gama ba. Tsayawar farko suka ɓarke da tafi, wani har da "Masha Allah!" Sinawa suka waiwayo, sai wata tsohuwa ta yi dariya ta kama tafi, zauren duka ya bi. Ban san dalili ba, daga nan kafaɗuna suka saki. Na yi tuntuɓe wuri ɗaya, ƙarami, na wuce. Sauran ya tafi yadda muka rubuta shi da fensir.

Da aka watse na fito daga baya don in ɗauki jakata. Zauren ba kowa sai mata biyu masu shara, da Alhaji a bakin ƙofa yana jira ya yi mini sallama, da Laoshi Liang a kujerar gaba, ba ta tashi ba. Na sauko na durƙusa a gabanta ina jiran gyara, don ba ta taɓa saurarona ta rasa abin gyarawa ba. Fiyanon take kallo, babba, baƙi, murfinsa a buɗe.

"Kama ni in hau," ta ce.

Na riƙe ta muka taka matakalar a hankali, sandarta tana ƙwanƙwasa katako. Ta zauna a kujerar, na matso mata da ita. Ta daɗe tana kallon maɓallan. Sannan ta ɗora karkatattun yatsun nan ta fara wani ɗan kiɗa mai sauƙi, irin wanda ake koya wa yara a shekarar farko. A hankali take tafiya, wani wurin sai ta jira yatsa ya iso. Amma kowace murya ta fito a zagaye, ta tashi ta tafi har bangon ƙarshe ta dawo. Masu shara suka tsaya da tsintsiya a hannu. Alhaji ya fasa fita, ya zauna a kujerar da ke kusa da shi.

Ta kai ƙarshe, ta bar ƙafarta a kan feda har muryar ta mutu. Ta ɗaga kai ta dubi kujerun da ba kowa, layi bayan layi har sama.

"Ashe haka ake jin sa daga nan," ta ce.